Pushpaben da Masu Jita

Pushpaben Kanabar ba ta taɓa ɗaukar kanta mawaƙiya ba. In ka tambaye ta sana'arta, ɗinkin safa za ta ce maka, don shi ta yi shekara da shekaru a wata masana'anta da ke bayan titin Belgrave a birnin Leicester na Ingila, har ƙarar inji ta cinye mata jin kunnen hagu. Waƙa kuwa a wurinta ibada ce, kamar wankan safe da kunna 'yar fitila a gaban hoton Krishna, abin bautarta. Ba abu ne da ake tambayar mutum ko ya iya ba.

A garin Jinja na Uganda aka haife ta, a bakin kogin Nilu, a ɗakunan da ke bayan kantin mahaifinta inda ake sayar da yadi da gishiri da kananzir. Kakarta ce ta koya mata bhajan, wato waƙoƙin yabon Krishna, suna zaune a tabarma suna tsince shinkafa. Tsohuwar ba ta iya karatu ba, amma cikinta cike yake da waƙa, kuma ba ta yafe kuskure. In yarinyar ta ja numfashi a tsakiyar wani sunan Krishna, sai ta ɗan buge mata gwiwa da cokali, a koma farko.

Ta auri Jayantilal, ma'aikacin kamfanin sukari, mutum mai sanyin hali wanda ba ya waƙa amma yana son ya ji ana yi. 'Yarsu Nimisha tana rarrafe aka kori Indiyawa daga Uganda. Da akwati biyu suka fito. Harmoniyar da aka ba ta ranar aurenta, wannan ɗan akwatin kiɗa mai zugazugi, a hannun wata maƙwabciya ta bar ta. Sun yi sanyin farko a wani tsohon barikin soja, daga nan suka gangaro Leicester inda yayar Jayantilal, Savitaben, ta riga su sauka. Shi ya samu aiki a ma'ajiyar kaya, ita ta shiga masana'antar safa, a hankali har suka sayi gida a wani layi na jan bulo inda gidaje ke manne da juna, bango ɗaya na raba iyali biyu.

A ɗaya gefen bangon akwai Maureen Loomes, mai dafa abinci a makarantar firamare, da ɗanta Colin. Mijinta ya daɗe da tafiya abinsa. Farkon zamansu ba daɗi. Da Pushpaben ta fara waƙar safe, sai Maureen ta ɗauki takalmi ta dinga dukan bango. Pushpaben ta rage murya, amma ba ta daina ba. Haka suka zauna, gaisuwa sama-sama, har wani hunturu Maureen ta zame a ƙanƙara ta karye a ƙafa. Pushpaben ba ta tambayi kowa ba, ta shiga kai musu abinci kullum yamma: shinkafa, miyar wake, da gurasar hulba mai laushi. Maureen ta ce yajin zai kashe ta, amma kwanon kullum a wanke yake dawowa. Tun daga lokacin takalmi bai ƙara taɓa bango ba, Colin kuma ya koma kiran ta Masi, kamar yadda 'ya'yan Indiyawan layin suke kiran duk wata sa'ar uwarsu.

Shekarar da aka rufe masana'antar safa, ita ce shekarar da zuciyar Jayantilal ta tsaya, yana tsaye a tashar bas. Pushpaben ta ci gaba da wanka da kunna fitila, amma murya ta ƙi fita. Sai ta zauna kawai ta kalli hoton har fitilar ta mutu. Aka yi watanni a haka. Wata safiya Maureen ta ƙwanƙwasa ƙofa da rigar barci a jikinta, ta ce ta gaji da makara wurin aiki, agogonta na cikin bango ya lalace, a taimaka a gyara shi. Pushpaben ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, su biyu suka zauna a matakala. Washegari ta yi waƙa.

A lokacin Colin ya zama saurayi dogo mai gashi har kafaɗa. Da rana fentin gidaje yake yi, da yamma yana kaɗa jita tare da abokansa uku a wani gareji, irin kiɗan rok ɗin nan da Pushpaben take cewa kamar an tura kabad ɗin kwanoni daga saman bene. Suna da sunan ƙungiya, amma ba ta taɓa iya faɗarsa daidai ba, don haka "yaran Colin" take ce musu, ko da yake biyu sun girme shi.

Wata Lahadi da la'asar ya shigo kicin ɗinta da kaset a hannu. Ya ci abin da ta zuba masa, ya yi ta kame-kame, sannan ya nemi izinin sa kaset ɗin a rediyonta. Da farko hayaniya kawai ta ji, ganga da jita suna kokawa. Tana shirin cewa ya rage, sai ta tsaya da ludayi a hannu. Can ƙarƙashin hayaniyar, jita ɗaya tana bin wata hanya da ta sani. Karin waƙar safenta ce, wadda ake tayar da Krishna daga barci da ita ana jera sunayensa, kowace gaɓa a inda kakarta ta ajiye ta.

Ta tambaye shi inda ya samo wannan. Ya ce gadonsa a jikin bangon yake tun yana ɗan shekara shida, da ita ya tashi kowace safiya ta rayuwarsa, bai ma san ya haddace ta ba sai da yatsunsa suka fara kaɗa ta da kansu. Ya gwada rerawa da bakinsa, abokansa suka ce kamar akuya ta maƙale a shinge.

"Masi," ya ce, "wurin nan naki ne. In ba ke za ki yi ba, gara mu bar waƙar gaba ɗaya."

Ta ce ya ba ta lokaci, ta ƙara masa gurasa.

Nimisha, wadda a lokacin ta zama mai harhaɗa magunguna a wani kemis, dariya ta yi har da riƙe ciki, ta ce ashe uwarta za ta shiga sahun masu wandon fata. Amma ta ce ta yi, me zai hana. Savitaben kuwa ba ta ga abin dariya ba. Ta ce sunan nan ba a ambatonsa sai da wanka da tsarkin baki, yanzu za a ɗauke shi a kai mashaya, a sa shi a bakin masu warin giya da naman shanu, kuma da muryar matar ƙaninta, wanda bai daɗe da barin duniya ba. Pushpaben ba ta yi mata gardama ba, don ita ma abin da ke cin ta ke nan.

Wanda ya sa ta yanke shawara shi ne Bhanjibhai Vaghela, tsohon direban bas da ke kaɗa tabla, 'yan gangunan nan biyu, a wurin ibadarsu. Ta same shi yana ɗaure igiyoyin gangarsa, ta zayyana masa komai. Bai ce ta yi ba, bai ce kar ta yi ba. Cewa ya yi karin ya riga ya shiga kan yaron, ba mai iya ciro shi, kuma ko ba wannan karon ba wata rana zai fito. Abin da ya rage a hannunta shi ne ko ya fito daidai ko ya fito a karkace. Ya kuma ƙara da cewa shi dai bai taɓa ganin cikin sutudiyo ba, in za ta, yana so.

Ta kira Colin ta gindaya masa sharuɗɗa. Da safe za a yi, don waƙar safe ce. Ba giya, ba nama, ba taba a wurin ranar. Kowa zai cire takalmi. Kuma ba za a yanke suna a tsakiya ba, ko a juya shi baya, ko a yi masa wani wasa na inji. Colin ya amince da duka kafin ta rufe baki.

Sutudiyon a saman wata tsohuwar masana'antar takalma yake. Ta iso sanye da farin sari, zanen matan Indiya, da harmoniyar da Jayantilal ya saya mata a nan Ingila, da kwanonin abinci a jere. Samarin sun yi layi a bakin ƙofa ba takalmi, sun taje kai kamar masu zuwa neman aure. Idonta ya sauka kan ƙafar mai ganga, wani jibgege mai suna Dermot, babban yatsansa a waje ta hujin safa. Ta ce ya ciro ta gani. Ta juya safar, ta duba dunduniyar, ta girgiza kai ta ce wannan ba ɗinkin Leicester ba ne. Dariyar da aka yi ce ta saki kowa.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Sun ɗora mata abin ji a kunnuwa, sun ajiye ta ita kaɗai a wani ɗaki tana kallon gilashi, kiɗa na zuba a kunne ɗaya, ɗayan kuma shiru. Sau da dama ta fara tana tsayawa. Gangar Dermot tana tafiya tsaf kamar soja, waƙarta kuwa tana da wuraren da take jinkirtawa da wuraren da take sauri, yadda numfashi ya ba da dama. Bhanjibhai ya yi ƙoƙarin shiga tsakani da tabla, shi ma ya rikice, gumi ya jiƙe masa riga. Har ta fara naɗe gefen sarinta tana cewa a yi haƙuri, ba ta iya ba.

Colin ne ya ce a kashe komai. Ya cire mata abin kunnen, ya tambaye ta yadda take zama a gida. Aka shimfiɗa bargo a ƙasa, ta fuskanci gabas, ta jingina ɗan hoton da ke cikin jakarta a jikin wata lasifika. Bhanjibhai ya zauna a damanta, wajen kunnen da ke ji. Wata ɗaliba da ta zo tare da shi ta riƙe tambura, mai igiyoyin nan da ke gunji ɗaya ba sauyi. Pushpaben ta rufe ido ta yi waƙarta daga farko har ƙarshe, kamar ba kowa. Samarin suna zaune a ƙasa suna sauraro. Daga baya su ne suka bi ta, Dermot ya kwance kiɗansa ya sake ɗaura shi a kan numfashinta, shi da Bhanjibhai suna ƙirga da yatsu suna gardama kamar tsofaffin abokai.

Aka kunna mata abin da aka ɗauka. Ba ta taɓa jin muryarta daga waje ba. Abin da ya fito daga lasifikar muryar tsohuwa ce mai ɗan kaushi, mai karyewa a sama, kuma ta san ta sarai: muryar kakarta ce. Ba ta faɗa wa kowa ba a wurin. Ta tashi ta buɗe kwanoni ta ce a zo a ci tun bai huce ba.

Da kaka waƙar ta fito. Ba wanda ya zaci za ta wuce Leicester, sai ga shi gidajen rediyo sun kama ta. Tana farawa da tambura da muryar Pushpaben ita kaɗai, sannan tabla ta shigo, sannan jita da ganga su faɗo kamar ruwan sama a kan kwano, Colin ya yi baitocinsa na Turanci, a dawo kan sunayen. Karon farko da ta ji ta a waje, a kasuwa ne, tana zaɓen kuɓewa. Ta ji kunya ta rufe ta kamar an ɗaga labulen ɗakinta. Ta biya ta tafi, ta manta kuɓewar a kan sikeli.

A wurin ibada mutane suka rabu. 'Yan mata suna zuwa su taɓa ƙafarta don girmamawa suna murmushi, wasu dattawa kuma suna kawar da kai. Savitaben ta daina yi mata magana, ko a bikin Diwali ta aiko jikarta ce da kayan zaƙi, ita ba ta zo ba. Ta bakin wasu ne saƙo ya iso cewa an ga samari a ƙofar mashaya, a buge, rungume da juna, suna ihun sunayen. Wannan ya yi wa Pushpaben ciwo ƙwarai. Ta yi kwanaki tana juya shi a ranta, tana tambayar kanta ko son a ji muryarta ne ya ja ta, ta lulluɓe shi da wasu dalilai.

Don haka da bazara ta zo, Colin ya roƙe ta ta hau dandamali tare da su a wani babban taron kiɗa da ake yi a fili, sai ta yarda, abin da ya ba kowa mamaki. So take ta gani da idonta. An kwana ana ruwa, filin ya zama taɓo, Maureen ta ara mata takalmin roba ta sa a ƙarƙashin sari. Da azahar aka kira su. Ta cire takalmin a gefe, ta taka a hankali ta zauna a kan bargonta, ta ɗaga kai. Mutane ne har inda ido ya ƙare, jiƙaƙƙu, da yawansu da kofin giya a hannu.

Tambura ta fara gunji, hayaniyar ta ɗan lafa. Ta buɗe baki. Kafin ta kai suna na uku, filin gaba ɗaya ya ɗauka. Ba su iya furtawa ba, suna tauna wasu gaɓoɓin suna haɗiye wasu, amma karin daidai yake. A gaba-gaba wasu samari suna tsalle suna watsa wa juna giya. Kusa da su wata yarinya mai aske rabin kai tana tsaye cak, ido rufe, hawaye na bin fuskarta. Pushpaben ta dubi waɗancan, ta dubi wannan, sannan ta rufe nata idon ta ƙarasa.

Da ta dawo, gidan Savitaben ta wuce kai tsaye, ba ta jira a gayyace ta ba. Ta same ta tana murza kwaɓin gurasa. Ta wanke hannu ta zauna ta karɓi muciyar murzawa.

"Yaya, na je na gani," ta ce. "Abin da aka faɗa miki gaskiya ne, akwai masu yi a buge. Akwai kuma waɗanda ban san me ya same su ba, amma wani abu ya same su. Ban iya raba su ba. Na zo ne in faɗa miki duka biyun."

Savitaben ta ce gurasar ta yi kauri, a ƙara murzawa. Amma ta bar ta ta ci abinci a gidan.

Bayan haka an yi ta gayyatar Pushpaben, har da ƙasashen waje, ta ce a'a. Ba nadama ta yi ba. Ta ce gwiwoyinta ba na hawa da sauka ba ne, kuma tana da ranakun azumi da ba su san jadawalin kowa ba. Bhanjibhai ne ya bi su yawo na wani lokaci, ya dawo da hular fata da labarai da ba ya gajiya da maimaitawa.

Abin da ya ƙarasa sauko da Savitaben wani abu ne daban. Wani kamfanin giya ya nemi ya sa waƙar a tallarsa. Biyu daga cikin samarin suna so, don sun gaji da zaman haya, kuma ba wanda ya ga laifinsu. Colin ya ƙi. Bai ma zo ya tambayi Pushpaben ba, a bakin Maureen ta ji. Aka yi ta rigima, abota ta yi tsami, faifansu na gaba bai yi kasuwa ba, ƙungiyar ta watse. Pushpaben ta damu, ta ce masa ba ta so ta zama sanadin rabuwarsu. Ya ce da ma sun kusa, Dermot ya fi son kiwon ƙudan zuma a kan kiɗa. Ranar da labarin ya kai kunnen Savitaben, ta dafa alewar madara da hannunta, ta sa a kwali, ta taka har ƙofar su Maureen. Ta miƙa wa Colin, ta ce masa ya aske wannan gashin, ta juya.

Bai aske ba, sai da gashin ya fara zubewa da kansa. Ya koma koyar da jita a makarantun gari, ya yi aure, ya haifi 'yan mata biyu. Waƙar kuma ta bi hanyar irinta, ta yi shiru, sai jefi-jefi a ji ta a shirin tsofaffin waƙoƙi. Maureen ta rasu a gidanta bayan gajeriyar jinya, Pushpaben na riƙe da hannunta. Da matakala ta gagari Pushpaben, Nimisha ta ɗauke ta zuwa gidanta a Oadby, aka ba ta ɗakin ƙasa mai taga a kan lambu, inda take shuka hulba a tsofaffin bokitai.

Yanzu ta haura tamanin. Muryar ta ragu, ba ta kai saman da take kaiwa da, don haka a wurin ibada ta bar wa matasa jagora, tana zaune a kujera a gefe tana bi a hankali. Duk ranar Alhamis Colin ne ke zuwa da motarsa ya ɗauke ta, su biya su ɗauki Savitaben, wadda ta kusa casa'in kuma ba abin da ya ragu a bakinta. Tsofaffin biyu a baya suke zama. Tun daga Oadby har Belgrave gardama suke, a kan wanda ya fi iya girki cikin surukansu, da ko za a yi ruwa, da hanyar da ta fi sauri. Colin ba ya jin rabin abin da suke faɗa, don da yarensu suke yi. In sun kai shi bango da umarni, ɗaya na cewa dama ɗaya na cewa hagu, sai ya bi hanyar da ya saba. Ya sauke su a bakin ƙofa, ya riƙe wa kowacce hannu har ta hau matakalar, sannan ya tsallaka titi ya sayi shayi, ya zauna a mota yana duba aikin ɗalibansa har su fito.